Alwalar Mai Takalma

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau Malam ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya. Mutumin da rabin garin nan ke taka aikin hannunsa, shi ne ya shigo gida ƙafar dama a silifa, ta hagu a ƙasa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Malam, ɗayan sadaka ka yi da shi, ko an fara satar takalmi ƙafa-ƙafa ne a masallacin?"

Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. A nan dariyata ta tsaya, don na gane bai san ya rabu da takalmin ba. Ƙasar La'asar a watan nan ko kaza ba ta son taka ta, shi kuwa ya tako ta tun daga wajen rijiyar unguwa. Na zaunar da shi a tabarma na ɗaga tafin ƙafar, sai ga ƙayar aduwa ta shige har rabi. Na zare ta da ƙarfi, jini ya biyo. Ko motsi bai yi ba.

Ya ce, "Ba komai, Barira. Gajiyar aikin Sallah ce."

Na ɗauko ragowar littafina na Islamiyya nake rubuta wannan. In na faɗa wa Inna, mahaifiyarsa, za ta tashi hankalin gari. In na faɗa masa, ya ce ba komai. Sunansa Tasi'u. Bakina bai taɓa furta shi a gaban mutane ba, amma takarda ai ba suruka ba ce.

Laraba, 24 ga Afrilu, hantsi

Yana ɗakin aiki tun da ya karya. Ɗakin da ke jikin zaure ne, mai taga ɗaya, ita ma ya toshe ta da kwali. Najib, ɗan kawunsa, shi ke kawo masa kaya daga Kano: tafin takalmi yankakke, da maɗaurai, da gwangwanayen gam, da farar jarka ta wani ruwa da suke kira tina. Da tinar ake goge tafin takalmi kafin a shafa gam, da ita ake sirka gam in ya yi kauri. Fara ce tas kamar ruwan famfo. In ta taɓa hannu sai ka ji sanyi, kafin ka ankara ta bushe. Warinta mai zaƙi-zaƙi ne, nan da nan ya hau maka kai.

Yana rufe ƙofa in yana aiki. Wai iska tana shanye masa tina, kuma ba ya son warin ya iske Sauda, 'yarmu. Duk azumin nan haka ya yi shi a kulle, don takalman Sallah. Ya fito idanu jajir, yana dafe kai, in na yi magana ya ce yunwar azumi ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wankin. Tun kafin a yaye Sauda ya ji a karatun Liman Uwaisu cewa duk abin da ya yi ɓawo a fata ya hana ruwa shiga, irin su gam ko fenti, sai an kankare shi alwala take inganta. Shi ke nan, Malam ya riƙe. Duk lokacin salla sai ya jiƙa tsumma da tina ya dirje hannuwansa tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ya koma ƙafafu, don da ƙafa yake danne takalmi, gam yana ɗiga a kansu. Sai ya ga babu ko ɗigo sannan ya ɗauki buta. Hannuwan sun yi fari fat, duk sun tsattsage.

Na taɓa ce masa, "Malam, in ka sa hannu a kwano, tuwon ma warin tina yake."

Ya ce, "Gara tuwo ya yi wari da sallata ta tashi a banza."

To me za ka ce wa mai wannan magana?

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan Magariba

Kofin shayi ya suɓuce masa. Ya ce santsi ne.

Asabar, 27 ga Afrilu, bayan Azahar

Inna ta gani da idonta, yana tafiya yana ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kunya a gona. Ta ce sanyi ne ya shige shi. Sanyi, a wannan zafin da ko bango ba a iya jingina da shi. Ta dafa saiwoyi ta ba shi, ya sha don kada ya ɓata mata rai.

Da safe Sha'aban maƙwabcinmu ya kai shi Minjibir a babur. Mai kemis ya ce taifot ne, ya rubuta allurai. A wajen mutumin nan ko ƙaho ne ya tsiro maka a ka, taifot ne. Suna dawowa Malam ya shige ɗakin aiki. Da aka kira Azahar na ji ƙarar murfin jarka.

Talata, 30 ga Afrilu, da safe

Ya kasa ɓalle maɓallin wuyan rigarsa. Na ɓalle masa ina ta surutun banza a kan telan da ya ɗinka ramin da ƙanƙanta. Shi ma ya taya ni zagin telan.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan La'asar

Ban ga abin da ya faru ba. Na dai ji babur ya tsaya a ƙofar gida, na ji maza suna sallama da yawa a zaure. Aka shigo da shi, mutum biyu suna riƙe da shi, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Hularsa tana hannun Sha'aban.

Da suka watse ya ce mini, "Na yi sujada, na zo tashi, ƙafafun suka ƙi zuwa da ni. A zaune na ƙarasa." Bai ce ba komai ba. Wallahi da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana salati, ta ambaci wata kalma, sunan abin da ya kwantar da mahaifinsa kafin ya rasu. Na ce mata, "Inna, don Allah ki bari." Ban taɓa katse ta ba sai yau. Kalmar ba za ta shiga littafin nan ba.

Asabar, 4 ga Mayu, da yamma

Na aika aka kira Maimunat, ƙawata tun firamare, wadda ke aiki a asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Ta juya hannuwansa ta duba, ta matsa yatsun, ta tambaye ni me yake taɓawa haka. Na kai ta ɗakin aiki. Tana tura ƙofa ta ja baya tana tari, ta toshe hanci da mayafi.

Ta ce, "Barira, a nan ɗan Adam yake yini?"

Na ce, "Har da wanka da shi yake yi, sau biyar." Na ba ta labarin tsumman.

Ta fito da wata jarka da ta ƙare zuwa haske. A jikinta akwai haruffa uku, M.E.K., da hoton harshen wuta. Shekara da shekaru jarkokin nan suna shigowa gidan nan, ban taɓa tsayawa na dube su ba. Maimunat ta ce ita ba ta san zurfin abin ba, amma wannan ya fi ƙarfin asibitinsu. Mu tafi babban asibiti a Kano, mu tafi da jarkar da gwangwanin gam ɗaya. Ta ce, "Ki kulle ɗakin nan, kada ki bar kowa ya shiga. Kuma kada a kusance shi da wuta."

Na sa kwaɗo. Mukullin yana ƙulle a bakin zanina.

Laraba, 8 ga Mayu, hantsi

Jiya muka je, ban iya rubutu ba sai yau.

A motar Minjibir fasinjoji suka yi ta mita a kan warin jarka, har aka ɗaure ta a saman mota. Wata tsohuwa ta ce kanta ya sara. Na ce a raina, Baba, ke daga nan zuwa Kano kawai kika shaƙa.

Likitan dattijo ne, ba mai gaggawa ba. Ya ce wa Malam ya rufe ido, ya ɗauki wani ɗan tsinke. Ya ce, "In ka ji, ka ce na ji." Ya fara daga babban yatsan ƙafa. Shiru. Ya hau idon sawu. Shiru. Yana hawa, yana hawa, ni ina kallon tsinken yana lotsa fata, ni nake jin zafinsa a jikina. Sai da ya kusa gwiwa Malam ya ce, "Na ji." A hannu kuwa sai da ya wuce wuyan hannu.

Ya karanta jikin jarkar, ya karanta gwangwanin, ya sa na maimaita masa labarin tsumman. Ya ce ruwan nan wani sinadari ne daga dangin da ake kira kiton. A masana'antu ana narka fenti da gam da shi, ana wanke injin buga takardu, ana haɗa bututun roba. Amma can akwai fankoki masu fitar da iska, da safar hannu ta musamman. Ya ce yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata, kuma yana cinye maiƙon fata har ta tsage, in ta tsage ƙofa ta ƙara buɗewa. Shi kaɗai yana sa ciwon kai da jiri da zafin ido. In kuwa ya haɗu da wani abu da ke cikin irin wannan gam, sai su taru su ci jijiyoyin da ke kai saƙo ƙafa da hannu, daga yatsu su yi sama.

Malam yana ta saurare. Da likita ya gama sai ya ce, "Likita, to in gam ya hana ruwa shiga, alwalata fa?"

Likita ya ajiye biro, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wannan sai malamai, Malam Tasi'u. Nawa sanin, kada ka sake taɓa ruwan nan, kada ka sake shaƙarsa."

Ya gargaɗe mu cewa ko an daina, ciwon yakan ci gaba da ƙaruwa na wasu makonni kafin ya tsaya, kada mu firgita. Ya ce ni in riƙa taɓa duk ruwan da zai yi amfani da shi, in nisanta shi da murhu, don zai iya ƙonewa bai sani ba.

Da aka fita da Malam na koma ni kaɗai na yi masa tambaya ɗaya. Ya ba ni amsa mai tsawo, da "wataƙila" da yawa a cikinta, da maganar watanni. Na yi godiya na fito.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Ya ji huɗuba daga kan tabarma, ta lasifika. Da aka tayar da salla ya juya fuskarsa bango.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan La'asar

Liman Uwaisu ya zo dubiya. Ina bayan labule ina jin su. Malam ya yi masa tambayar da ya yi wa likita.

Liman ya ce, "Tasi'u, gaskiya ne na karantar da haka. Amma ban ce a cire gam da abin da zai cire lafiya ba. Da man gyaɗa da sabulu da ɗan yashi, abin da ya fita ya fita. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Da ka zo ka tambaye ni." Ya ce zai yi bayani a karatun safe, don akwai masu fenti da masu facin taya a cikin ɗalibansa.

Da ka zo ka tambaye ni. Da na dubi jarkar. Da Najib ya karanta. Da, da, da. Da-na-sani ƙeya ce, kowa ya san inda take. Na so in ji haushin Liman, na duba ban ga laifinsa ba. Na so in ji haushin Malam, na leƙa na gan shi yana ƙoƙarin miƙa wa Liman hannu su yi sallama, hannun yana lilo. Haushin ya rasa inda zai sauka, ya dawo kaina. Na ƙona miyar dare.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan Azahar

Carbi ya daina zama a hannunsa. Buta ma ta fi ƙarfinsa, don haka ni nake yi masa alwala yanzu.

Mun samu tsari. In an kira salla sai in ɗebo ruwa daga randar da ke gindin darbejiya, in taɓa da hannuna kamar yadda likita ya ce, in shigo da buta da roba. Ya ce, "Daga randa?" In ce, "Daga randa." Tun yana lafiya yake son ruwan randar nan, ya ce sanyinsa har cikin ƙashi. Yanzu fuskarsa ce kawai take jin sa.

In ina wanke hannun sai ya kafa masa ido kamar hannun wani. "Tsakanin yatsu, Barira. Ya shiga? Gwiwar hannun fa, ya taɓa?"

Na ce, "Malam, ni ma fa na yi Islamiyya, ba tallan goro na je yi ba."

Ya yi murmushi. Fatar ta warke sumul, babu gam, babu tsaga, babu abin da zai hana ruwa shiga. Shi ne dai ba ya jin shigarsa.

Juma'a, 17 ga Mayu, da safe

Ban buɗe ɗakin ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan Magariba

Sauda ta sa yatsanta a tafin hannunsa tana cewa, "Baba, kama." Wasansu ne, ya damƙe, ta yi ta ƙoƙarin zarewa tana ƙyalƙyala dariya. Yau ta zare ba wahala. Ta sake sawa, ta sake zarewa. Ta ce, "Baba ba ya so," ta tafi wajen Inna.

Na tsaya wanke-wanken da na riga na gama.

Laraba, 22 ga Mayu, da yamma

An yi ruwan farko. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki, ya ce in ɗaga masa labule.

An sayar da akuyata a kasuwar Gezawa, an sayo magungunan da likita ya rubuta. Na leƙa rumbu. Ba zan rubuta abin da na gani ba, na dai ga ƙasan rumbun ta gefe ɗaya.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan La'asar

Ruwan shuka ya sauka jiya. Sha'aban ya tara mutane aka yi mana gayya, kafin Azahar sun gama gero da dawa. Allah Ya saka musu. Na yi musu fura da ɗan abin da ya samu.

Sha'aban ya shigo ya ce, "Malam Tasi'u, an shuka har gindin kukar nan taka." Malam ya yi ta godiya, ya yi ta addu'a, har Sha'aban ya ji kunya. Tun yana yaro bai taɓa bari wani ya jefa masa iri a gonar nan ba. Na kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Na ce me ka ci? Ya ce, "Ba komai."

Litinin, 27 ga Mayu, bayan Azahar

Najib ya zo. Da ya ga yayansa ya durƙusa yana hawaye. Ya ce a shagunan Kano kowa da tina yake wanke hannu in an tashi aiki, ba wanda ya taɓa cewa komai. Shi ma ya daina tun da ya ji.

Da zai tafi ya kira ni zaure. Yana sosa ƙeya ya ce kayan da ke kulle a ɗakin na Alhajin da shi Najib yake yi wa aiki ne, ga Babbar Sallah ta matso. Ko a ƙarasa su, ko a mayar. Ya ce, "Matar Yaya, ke ma fa kin iya. Kin sha ganin yadda yake yi. In kika fito da su tsakar gida a iska, na samo miki safar hannu, ba kya taɓawa da fata. Kafin Sallah kin samu na cefane."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya ce zai dawo Litinin mai zuwa.

Ban buɗe ɗakin ba. Na dai tsaya a ƙofarsa, warin yana fitowa ta ƙarƙashi.

Alhamis, 30 ga Mayu, bayan La'asar

Ashe Malam ya ji maganarmu da Najib. Gidan ƙasa ba ya riƙe magana.

Ina goge masa ƙafa ya ce, "Mukullin nan yana ina?"

Na ce, "Yana wajena."

Ya ce, "Kada ki buɗe."

Na ce a iska zan yi, da safar hannu, ba irin nasa ba. Na ce likita ma ya ce a masana'antu ana aiki da shi. Ya ce nan masana'anta ce? Ya ce safar da Najib zai samo a kasuwa wa ya san ko tana tarewa? Ya ce Sauda a tsakar gidan take wasa.

Sannan ya ce, "Barira, dube ni da kyau. In kika zama haka, wa zai yi mana alwala mu biyu?"

Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma ni da bakina. Na ce to mu ci me? Na faɗi wata magana a kan tsarkinsa da inda ya kai mu. Ba zan maimaita ta ba, Allah Ya yafe mini. Na ga ta shige shi, wannan kam ya ji ta.

Na ce, "In har zuwa Litinin ban ga alamar sauƙi ba, zan buɗe. Ko ka yarda ko kada ka yarda."

Na kwashe roba na fita.

Juma'a, 31 ga Mayu, da yamma

Ba mu yi magana ba sai ta alwala. Ita ma "daga randa" ya daina tambaya.

Asabar, 1 ga Yuni, hantsi

Ina son mutumin nan. Na rubuta ne don in gani da idona, saboda kwana biyun nan fuskata ba ta nuna haka.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan La'asar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Yau rana ta buɗe sosai. Na karɓi surfen gidan Sha'aban, tun hantsi nake kan turmi. Inna kuma ta wanke randa ta kife ta tana shan iska. Da aka kira La'asar na tashi a gurguje, na ga randa a kife, na suri butar da ke tsakar gida tun safe. Ban taɓa ruwan ba. Yau ce rana ta farko da na manta.

Yana ɗaki a zaune, bai ga inda na ɗauko ba. Na riƙe hannunsa na dama a kan roba na fara zubawa. Ruwan ya gangaro kan nawa hannun, na ji shi da ɗumi sosai, irin wanda ake sirka wa jariri. Rana ta dafa shi. Na buɗe baki zan ce ya yi haƙuri in canjo, sai ya riga ni.

"Barira. Tsaya."

Na tsaya.

"Na ji."

Na ce, "Me ka ji, Malam?"

Ya ce, "Sanyinsa. Nan, a kan yatsun nan biyu. Sanyin randa." Yana murmushi. Kullum hannun yake kallo, yau fuskata yake kallo.

Ɗumin ruwan yana bin wuyan hannuna yana ɗiga a roba. Mutumin nan ko a ciniki bai taɓa ƙara wa takalmi kyan da ba shi da shi ba. Ya ba da hannuwansa da ƙafafunsa don kada ɗigon gam ya rage masa alwala. Yau ga shi a tsakiyar alwala ya yi ƙarya saboda ni, don gobe Litinin.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Kin gani? Sauƙi yana zuwa. Ba sai kin buɗe ba."

Na ce, "Na gani."

Inna ta jiyo daga waje ta shigo tana hamdala, ta ce dama ta san saiwoyinta ba sa ƙarya. Na ƙarasa masa alwalar, tsakanin yatsu, gwiwar hannu, duka. Na juya shi gabas. Sannan na zaga bayan rumbu na toshe bakina da zani, don gidan ƙasa ba ya riƙe kuka ma.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan La'asar

Najib ya zo da hantsi, da safar hannu a leda. Na kwance mukulli daga bakin zanina na miƙa masa. Na ce ya buɗe ƙofa da taga ya bari iska ta shiga tukuna, sannan ya kwashe komai, har jarkokin, har tsumman. Ya ce, "To cefanen fa?" Na ce akwai surfe, kuma Maimunat ta ce za ta yi mini magana a gidan masu ƙuli-ƙuli. Bai ja ba.

Malam yana jin fitar kayan daga ɗaki. Da Najib ya leƙa yi masa sallama ya ce masa, "Na fara jin sauƙi." Najib ya dube ni. Na ce, "Haka ne."

An cika randa tun safe. Da aka kira salla na ɗebo daga can ƙasanta, na taɓa da hannuna na tabbatar da sanyinsa, na shiga.

Ya ce, "Daga randa?"

Na ce, "Daga randa."

Na zuba. Ya ce yau ma ya ji. Na ce alhamdu lillahi, na kama ɗaya hannun.